Gayu Bai Taɓa Zama a Baya Ba

Mijin yayata, wanda duk layinmu ke kira Gayu, mutum ne da in ka ajiye masa abu mai amfani da abu mai sheƙi, ba sai ka jira ka ga wanda zai ɗauka ba. Magatakarda ne a wani ɗakin ajiyar kaya. Shekara ashirin da shida yana kan tebur ɗaya, ba a taɓa ƙara masa girma ba, shi kuma ko a jikinsa, tunda takalminsa ya fi na manaja ƙyalli. Ni bakaniken babura ne, na kuma san shi tun yana zuwa zance gidanmu, don haka kada wani ya ce sharri nake yi masa.

Shekara tara da suka wuce ya sayi wani babur na hannu, irin dogon nan mai ƙasa-ƙasa da faɗin ƙaho, wanda mai tuƙi ke zama a kishingiɗe, ya miƙe ƙafafu gaba kamar yana falonsa. Kullum da safe sai ya goge shi da tsohuwar singileti, ya hura wa madubi iskar baki, ya sake gogewa. 'Ya'yan cikinsa ma ba su samu wannan gata ba. Amma ka tambaye shi yaushe rabon da ya canja baƙin mai, sai ya fara kallon sama.

A irin wannan babur, sirdin mai tuƙi yana tsakiya, inda jijjiga ba ta cika isa ba. Wanda aka goya kuwa a kan tayar baya yake zaune, kan ɗan soson da bai fi tafin hannu biyu ba. Abin da ke tsakanin ƙugunsa da ramin titi shi ne shokabzoba guda biyu, ƙarafan nan masu sifirin da ke shanye duka. A nan Yaya ta zauna shekara tara, safe da yamma, domin ita ke dafa abinci a wata makaranta a bayan gari, inda bas ba ta zuwa. Saura wata goma sha huɗu ta cika shekarun fansho bayanta ya fara ciwo. Likita ya ce a raba ta da jijjigar nan, in ba haka ba aikin zai gagare ta.

Na duba babur ɗin, na tarar shoka duk biyu sun mutu murus, man cikinsu ya tsiyaye tuntuni. Gayu ya zo garejina da ɗan kuɗin da suka tara, shi da Yaya. Na jera masa iri uku a kan benci.

Na ce, "Yallaɓai, wannan na kamfani ne, ya fi ƙarfin aljihunka, mu wuce. Wannan baƙin ba na kamfani ba ne, amma tsawonsa ɗaya da na asali, kuma yana da matakai biyar a gindi. In za a yi goyo, sai a murɗa shi ya ƙara tauri. Abin hannunka ya isa. Na ukun nan kuwa na fito da shi ne kawai don ka san abin da za ka guje wa."

To, ni na jawo. Na ukun fari ne ƙal, yana walƙiya, kuma ya gaza na asali tsawo da yatsa biyu. Gayu ya ɗauke shi yana duba haƙoransa a jiki.

"Haba Injiniya," in ji shi, "wannan baƙin ai sai amalanke. Dubi wannan mana!"

"Gajere ne. Babur zai ƙara yin ƙasa. Yaya na hawa zai ƙure, dukan ya koma bayanta."

"To ai ƙasa-ƙasan nan shi ne kyan babur ɗin."

Ina da wata ƙa'ida da na gada wurin maigidan da ya koya mini aiki: ba na ɗaura wa mai iyali shokar baya sai na goya shi da kaina mun zaga, ya ji abin da matarsa za ta ji. Na faɗa masa haka. Ya dube ni kamar na zagi mahaifinsa.

"Ni? A goya ni a babur ɗina, 'yan layi na kallo? Kai dai ba ka da kunya, ƙanina."

Na ƙi sayar masa. Ya tafi wani gareji can gaba aka ɗaura masa fararen, ya danna sirdi da tafin hannu sau biyu, ya ce laushi kamar katifa. Iyakar gwajin da ya yi ke nan. Canjin da ya rage ya sayi tuntun fata ya rataya a ƙaho. Da na kai ƙara wurin Yaya, cewa ta yi, "Bar shi, Auta. Ya ce sababbi ne, za su saki." Wannan haƙuri nata ya fi wautarsa ƙona mini rai.

Bayan mako bakwai sai ga shi. Ba don Yaya na tafiya tana dafa bango ya zo ba. Wai akwai wata ƙara a baya, yana tsoron kada fenti ya karce. Na san taya ce ke dukan murfinta, amma na ɗaure fuska na ce ƙarar ba ta fitowa sai da nauyi a baya, ni kuma sai ina tuƙi nake gane ta. Saboda fenti ya yarda. Ya kifa hular kwano don kada a gane shi, ya hau.

Na bi hanyar makarantar, da irin gudun da na san yana yi. A ramin farko ya cafki rigata. A na biyu ya ce, "Kai, a hankali!" Na ce ai haka yake tafiya kullum. Da muka hau ƙaramar gadar nan mai tsagewa a baki, ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, na ji ya saki salati. A ƙofar makarantar ya sauko, ya kasa miƙewa, hannu ɗaya a ƙugu. Minti ashirin kacal.

Ya cire hula ya ce, "Kullum haka take ji?"

"Sau biyu a rana, Yallaɓai."

Muka juyo gareji. Washegari ya sayar da tuntun da manyan madubansa, ya zo na ɗaura masa baƙaƙen, na murɗa su zuwa mataki na biyar, daidai nauyin mutum biyu. Da a ce labari ne na yara, da nan zan tsaya.

A makon ne Yaya ta sunkuya za ta sauke tukunya a wurin aiki, ta kasa ɗagowa. A mota aka kawo ta gida. Makaranta ta jira wata biyu, sannan ta ɗauki wata mai girkin. Fanshon da ta yi shekara da shekaru tana shan hayaƙi dominsa ya wuce ta, alhali ranar da abin ya same ta saura shekara guda cif. Yanzu tana tsakar gida kan kujerar roba, an cusa mata filo a baya.

Har gobe ban yafe masa ba, kuma har gobe yana goge babur ɗin da singileti. Sai dai shokar da aka ɗaure don mutum biyu, in mutum ɗaya ne a kai, dukansa take yi ba tausayi. Ina ganinsa in ya wuce gareji yana tsalle a sirdi. Sau uku ina ɗauko sifana in ce ya tsaya in sassauta masa, aikin minti ɗaya ne.

Duk lokacin amsarsa ɗaya ce. "Bar shi a na biyar, Injiniya. Za ta warke."