Mayafin da Na Rufa wa Ɗana a Bankok

Tun kafin a buga mana biza, abin da ke raina ba jirgi ba ne, ba kuma yaren mutanen can ba. Baki nake tsoro. Ɗiyata ta fari wata bakwai ta yi a duniya. Na kai ta wani biki a unguwarmu nan Agadas, mata suka yi ta karɓarta hannu zuwa hannu, wannan ta ce dubi kumatu, waccan ta ce dubi gashi. Ina lura, biyu kaɗai suka ce tubarkalla. Kwana tara bayan haka muka rasa ta. Lokotoro, wato likita, ya ce ƙyanda ce. Ban yi masa musu ba, amma bakunan nan ba su fita raina ba.

Da na haifi namiji, uwar mijina ta kai shi bakin juji ta ajiye ɗan lokaci, ta ce ba ma so, sannan ta ɗauko shi. Haka ake yi wa yaron da ya biyo bayan rashi, don mutuwa ta ga ba abin kirki ba ne ta wuce. Ni kuma ko sabuwar riga ban taɓa sa masa ya fita da ita ba.

Maigidana yana da butik na kayan mata. Zuwansa Bankok na farko ya ɗauko gyale masu launin da ko akuya ba za ta yafa ba, suka shekara a rataye. Shi ya sa a karo na biyu ya ce in zo in zaɓa, tunda ni ce mai ido. Yaron yana da wata tara, bai bar nono ba, dole da shi.

Maigida ya sayi wata ƙatuwar jakar goyo, irin wadda nake gani a bayan nasara ina ƙarama, suna wucewa ta gaban tsohon masallaci da jajayen wuyansu. Duk kayanmu a cikinta suke. Ranar da ya fara saɓa ta, uwarsa ta dube shi ta dube ni ta ce, "To, kowa da goyonsa. Naka dai ba ya kuka."

Har yau in na rufe ido ina jin warin garin nan, kifi da hayaƙin mai da wani ganye mai ƙamshin lemo. Jirgin ƙasa yana gudu a saman kawunanmu. Wayoyin kuran, wato lantarki, sun cukuikuye a kan sanduna kamar gashin da aka tsefe ba a kitse ba. Ruwa ko'ina, har kwale-kwale ake shiga a tafi kasuwa, ni da nake auna ruwan wanka da buta. A ƙofar kowane kanti akwai wani ɗan mitsitsin gida a kan sanda, an ajiye masa furanni da kwalbar jan lemo. Da ƙafa muka fi yawo, shi a gaba da jakarsa yana buɗa mini hanya, ni a baya ina riƙe da igiyar jakar kamar raƙumin ayari.

Mun sauka a wani ƙaramin otel a lungun bayan wani masallaci. Wanda ya samo mana shi wani Alhaji ne mutumin Damagaram, ya daɗe a can yana yi wa ƴan kasuwa lodin kaya, ya auri ƴar ƙasar, yarensu kuwa kamar a bakinsa aka yi shi. A bakin lungun akwai wata tsohuwa mai sayar da mangwaro da shinkafa mai danƙo. Ƴar ƙarama ce, gashinta fari an yanke shi gajere kamar na namiji, kullum da wata farar hoda a kumatunta.

Matsalar ta fara tun ranar farko. Mutanen can ba su saba ganin goyo da zane ba. Duk inda muka bi sai a juyo, mata su yi ta murmushi suna nuna ƙafafunsa, wasu har su ɗaga waya. Suna ta magana, ni kuwa ban san me suke cewa ba, na dai san babu tubarkalla a ciki. Ga shi a bayana yake, ba na ganin wanda ke kallonsa. Sai na ciro mayafina mai kauri na lulluɓe shi tun daga kai har ƙafa, na ɗaure bakin a ƙirjina.

Maigida ya ce, "Ke, ba za ki dafa yaron nan ba?"

Na ce, "Malam, a gida in rana ta yi zafi me kake yi? Ba rawani kake ƙarawa ba?"

Gaskiya ce kuwa. A wurinmu wanda ya rufe jikinsa shi ya tsira daga rana. Ban san zafi iri biyu ne ba. Namu busasshe ne, gumi na fita iska ta shanye. Nasu jiƙaƙƙe ne, wankin da na shanya da safe har la'asar yana ɗiga.

Kowace safiya in za mu wuce, tsohuwar nan sai ta taso ta kama gefen mayafin tana ja, ta yamutse fuska, ta faɗi wasu kalmomi da ƙarfi, kullum su ɗin dai. A rana ta huɗu na gaji. Ta miƙo hannu, na buge shi. Ba ƙaramin bugu ba, har ƙara ya yi. Ta janye hannun ta riƙe shi da ɗayan, ta koma kan kujerarta.

Washegari da hantsi muna cikin kasuwar gyale na ji goyon ya yi nauyi wani iri. Yaron da ke shure-shure ya daina. Na kwance shi a tsakiyar mutane. Wuyansa da bayansa da hammatarsa duk sun yi jajur da ƙananan ƙuraje, idonsa a lumshe, na ba shi nono ya kau da kai. Ƙuraje, kamar na yayarsa. Maigida ya tare adaidaita, ya kira Alhaji a waya ya ce mu haɗu a otel.

A bakin lungu tsohuwar ta gan mu. Ba ta tambayi kowa ba, ta karɓe shi daga hannuna, ni kuma ban da ƙarfin hanawa. Ta tuɓe masa riga biyun da na sa masa, ta jefar da mayafin a kan kwandon mangwaro. Ta tsoma tsumma a ruwan sanyi tana goga masa a hankali, wuya, hammata, bayan gwiwa. Ta kwaɓa farar hodar nan da ruwa a tafinta ta shafe shi da ita har ya koma kamar wanda ya faɗa buhun gari, ta ɗauki murfin kwali tana yi masa fifita. Can sai ya buɗe ido ya tsala kuka. Na karɓe shi, ya kama nono.

Tsohuwar ta ɗaga kai tana duban sama da gefe-gefe, ta sake faɗin kalmomin nan da ƙarfi. Daidai nan Alhaji ya iso.

Na ce, "Alhaji, don Allah me take cewa? Kullum sai ta faɗa."

Ya saurara, sai ya fara dariya. "Ƙanwata, cewa take ɗanki mummuna ne, abin ƙyama."

Na miƙe da yaron a ƙirji. Ya ce, "Zauna, mutanen Agadas akwai saurin hawa. Tsofaffin ƙasar nan ba sa yabon jinjiri. Wai in an ce yana da kyau, iskoki za su ji su zo su ɗauke shi. Shi ya sa take ɗaga murya, don su ji su wuce. Nawa ƴaƴan ma haka kakarsu ta yi ta zaginsu har suka yi wayo."

Ya tambaye ta wani abu, ta ba shi amsa tana nuna mayafin. Ya ce, "Ta ce kwana huɗu tana so ta gaya miki ki buɗe shi ya sha iska."

Na zauna a kan bokitinta na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar ɗiyata. Duk da haka mun kai shi likita da rana. Suka ce zafi ne kawai, a rage masa kaya, a yawaita ba shi nono.

Kwana shidan da suka rage su ne nake kewa. Da ƴar shimi kaɗai nake goya shi, fari fat da hoda, ƙafafu a waje. Da safe tsohuwar ta leƙa fuskarsa ta yamutse hanci ta zage shi da yarenta, ni kuma in ce da Hausa, "Ƙwarai kuwa, Inna, ɗan juji ne, ba mai so." Sai mu yi dariya, ta yanka masa mangwaro ya yi ta tsotsa yana ɓata mini wuya. Mun shiga kwale-kwale, ruwa ya fantsamo masa ya ƙyalƙyale. Ruwan sama ya kama mu a kan wata gada, muka tsaya muka jiƙe da gangan, ni da maigida, kamar yara. A kasuwa in mata sun nuna shi, ni nake faɗin tubarkallar da bakina a madadinsu, in ci gaba da zaɓen gyale.

Abu ɗaya ban yi ba. Kullum ina cewa sai Alhaji na kusa in sa ya ba ta haƙuri a kan hannun da na buge, kullum kunya ta hana ni. Na bar shi sai ranar tafiya. Ranar kuwa muka fito da jakarmu muka tarar da teburinta a kife, an ɗaure shi da igiya. Maƙwabcinta ya nuna mana da hannu cewa ta yi tafiya. Alhaji ma daga baya ya dawo gida gaba ɗaya.

Yaron yanzu ya shiga lakwal, wato makarantar boko, ya fi kowa ƙiriniya a layinmu. Jakar tana rataye a ɗaki, zanen gado nake ajiyewa a ciki.

Na san akwai masu zuwa Bankok saro kaya cikin masu karanta wannan. Don Allah in kun sauka a lungun bayan masallaci kuka ga ƴar tsohuwa mai gajeren farin gashi tana sayar da mangwaro da shinkafa, ku nemi mai jin yarenta. Ku gaya mata mummunan yaron nan yana raye, kuma uwarsa tana neman gafarar hannun da ta buge.