Takardun jikata da matan ƙuli-ƙuli

Ko na manta shekaruna, kuma na riga na manta su, ba ni manta zuwan jikata Gesheme da buhun takardu.

Yarinyar tana karatun dakta a wata jami'a can ƙasar waje. Ba dakta ta allura ba, na tambaya. Wai karatun sanin zuciyar ma'aikaci ne a wurin aikinsa, abin da ke gajiyar da shi wanda ba nauyin kaya ba. Da can ɗiyan manyan birni kaɗai ke shiga, sai makarantar ta ce tana son kowane iri. Sunka ɗauko ta, da wani yaron mishan na Dogon Dutsi, da wata Bafulatana, sunka jera su anka ɗauki hoto. Ni na karanta wasiƙar ɗaukarta da kaina, da yatsa, don na yi karatun manya bayan haƙorana sun fara zuba.

Ta ce gungunmu na masu man gujiya da ƙuli-ƙuli za ta bincika. Munka karɓe ta yadda ake karɓar babban baƙo: kujera, ruwan sanyi, shugabar gungu a gefenta. Mata sunka zo ɗaya ɗaya, da mayafin biki. Kowacce anka tambaya, lafiya lau, sai godiya. Har ni. Bayana na ciwo kamar ya tsage, amma ina ganin biro a hannunta na ce aiki sai daɗi. Wa ke kai kuka gaban baƙo, shugaba na kallon bakinsa?

Ta aika takardun. Malaminta ya kira ta a waya, ya ce ko dai ita ta cika su da hannunta, ko kuma babu abin bincike a ƙauyen. Ya ba ta zuwa ƙarshen wata, in ba haka ba a ba wani wurinta. Na iske ta bayan rumbu tana kuka.

Na ce ta fassara mini tambayoyin a hankali. Wai kujerar aikinki na da daɗin zama? Wai patoro, wato maigidan aiki, na ba ki hutun shekara? Na yi dariya har na ƙware.

"Madam dakta, wace kujera kinka gani a bakin tukunyar suya?"

"Tsohuwa, haka anka ba mu su. Duk duniya da su ake awo."

"To duk duniya ta zo ta murza tunkuza. Tuɓe takalman nan."

Kwana uku tana murza, tana suya, hannunta ya yi kanta. Ranar farko ba wadda ta kula ta. Ta biyu sunka fara yi mata ba'a, wai boko ya cinye mata damtse. Ta uku, shugaba ta tafi suna, bakuna sunka buɗe. Nan ta ji cewa mata biyu kullum su ake turawa bakin wuta da rana tsaka, don gidansu na bori ne, shugaba kuwa ta bi sabon wa'azi. Ba a cin tuwo ƙwarya ɗaya da su. Ɗaya ta ce ba zafin wutar ke damunta ba, abin da ke damunta shi ne a miƙo mata ludayi da hannun hagu. Ni da ke cikinsu shekara da shekaru na san wannan sarai, ban taɓa ɗaukar shi abin faɗi ba.

Yarinyar ta roƙi izini ta rubuta. Sunka ce ta rubuta, ban da suna.

Malamin ya karɓa, har da yabo. Yanzu an ce yana yawon taro yana faɗin sabuwar dabarar da makarantarsu ta gano, wai mai bincike ya sa hannu cikin aikin. Allah ya ƙara masa basira. Ita dai ta samu daktarta. Matan nan biyu kuwa sai da na tashi na yi rashin kunya a taron gungu kafin anka fara karɓa-karɓa a bakin wuta, kuma har yau shugaba gaisuwar nesa take yi mini.

Abin da na koya shi ne, kiran ɗiyar ƙauye ta shigo makaranta ba wuya. Wuyar ita ce a bar ta ta shigo da abin da ta sani tun tana goye. Tawa sai da ta kusa rasa wurinta kafin ta tuna yadda ake tambayar mutanen gidansu.