Muryar da Na Aika Gida Daga Harami

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. Ni tsohuwa ce, a Makka nake zaune, kuma da hannuna nake wannan rubutu. In kun ga magana ta karkace ku yi haƙuri, sai da furfura ta gama cin kaina na koyi karatun boko a wajen 'yar maƙwabciyata.

Lokacin da abin ya faru ni mai tuwo ce a unguwar Nakkasa, can saman dutse, kafin a rushe layinmu. Na zo aikin hajji da ƙarfina na zauna, mijina ya rasu a nan, Allah bai ba ni haihuwa ba. Kullum in tuƙa tuwo in kaɗa miyar kuka, in sauko da su unguwar Misfala in sayar wa alhazan da shinkafar Larabawa ta ishe su. Duk mutumin garinmu da ya zo hajji ko umara sai ya hau ya gaishe ni. A gida kuwa ana ba ni girman da ya fi ƙarfina, don kawai ina kwana ina tashi kusa da Ɗakin Allah. In na faɗi magana a waya sai a ce Hajiyar Makka ta ce, shi ke nan an rufe zance. Ba zan ɓoye muku ba, abin yana yi mini daɗi.

Ina da ɗan ƙanena, malamin makaranta ne a garinmu. A duk dangi shi ne gatana. Shi ke kirana ranar Juma'a, shi ne kuma nake sa ran zai karɓe ni ranar da ƙafafuna suka daina hawa dutse. Ubansa 'yan bindiga ne suka kashe shi a gona, da fartanya a hannunsa. Bayan wannan ne yaron ya fito takarar majalisar jiha, abokansa suka haɗa masa kuɗin umarar azumi. Ya hau wajena da daddawa da kuka da uwarsa ta aiko, yana haki, yana yi mini tsiya wai na zaɓi gida inda ko akuya sai ta huta sau biyu.

Da muka sha ruwa na zuba masa tuwo, na ce tunda yana neman kujera sai ya gaya mini abin da zai yi da ita. Na fara da haraji, don ni mai talla ce, na san zafinsa. Na tambaye shi ko zai cire wa matan kasuwa. Ya ce ba zai yi mini ƙarya ba, ba zai cire ba. Abin da zai nema shi ne a karɓa sau ɗaya a ba da rasit, maimakon a tare mace a kowace ƙofa, kuma masu manyan shaguna su daina zamewa. Na ce to ka fara da rashin kunya. Ya ce ai da kuɗin za a biya malamai, don makarantar garinmu ba gini kaɗai ta rasa ba, malamai ne ke gudu su koma acaɓa, yara su yi ta zama a ƙasa har a tashi. Wannan na yarda da shi, amma ban nuna masa ba.

Sai ya kawo maganar itatuwa da kansa. Wai zai nemi a hana sare su don yin gawayi, saboda damina ta rikice, ruwa ya ƙi zuwa a kan lokaci, in ya zo kuma ya zo a haukace ya kwashe gonaki don babu abin da zai riƙe ƙasa. Na ce masa ruwa a hannun Allah yake, ba a hannun ɗan majalisa ba, kuma rabin danginmu da gawayi suke cin abinci. Ya yi dariya ya ce mai ruwan ai shi ya hana a sare ko reshe a cikin haramin Makka, ni da nake zaune a ciki na fi shi sani. Na ji haushi.

Bindiga ce ta raba mu. Abokin takararsa ya yi alkawarin raba wa samarin gari bindigogi su tsare kansu, ni kuwa tun da aka kashe ƙanena abin da nake so in ji ke nan. Na tambaye shi ko zai yi haka. Ya ajiye lomarsa ya ce a'a. Ya ce yaron da ka miƙa wa bindiga ba ya dawo maka da ita, yau yana gadin gari, gobe yunwa ta kama shi ya tare hanya. Shi jami'an tsaro zai nema a kawo su zauna a garin, in kuma za a ɗauki samari, a ɗauki kaɗan da aka san iyayensu, a horar da su, a sa musu mai tsawatarwa. Na ce masa jinin ubansa bai bushe ba yake yi mini lissafin boko. Na ce shi matsoraci ne. Ya ce shi ya wanke gawar ubansa da hannunsa, ya san inda harsashi ya shiga. Ya yi mini sallama ya sauka, tuwon ko rabi bai ci ba.

Washegari da yamma ina zaune a farfajiyar Harami ina jiran shan ruwa, zuciyata tana tafasa. Na ciro waya na danna, na fara ɗaukar murya a zauren waya na matan danginmu. Na ce ɗan da ya ƙi tsaya wa jinin ubansa ba nawa ba ne, ba ni ba shi, duk wadda ta zaɓe shi ban yafe mata ba. Ina cikin faɗa aka fara kiran sallar magariba. Da mai hankali ce ni da na tsaya. Ban tsaya ba, na ƙarasa, na tura, na kai dabino bakina.

Ni a raina da matan gida nake magana. Kafin ya koma gida muryar ta riga shi. Mutanen abokin takararsa suka ɗora ta a mota da lasifika, ranar kasuwa suna zagayawa da ita, muryata a gaba, kiran sallar Harami a baya. Ba wanda ya ce gwaggonsa ta yi fushi. Cewa aka yi gwaggonsa ta yi masa baki a gaban Ka'aba. Daga ranar ba a sake tambayarsa haraji ko makaranta ko itace ba. In ya tsaya zai yi magana sai a kunna masa ni. An jefe shi a wani ƙauye. A masallaci mutane suna matsawa daga kusa da shi a sahu. Ya faɗi zaɓe, kuma abin bai tsaya nan ba, iyaye suka riƙa cire 'ya'yansu daga ajinsa, wai kada bakin ya shafe su.

Uwarsa ta kira ni tana kuka, ta ce don Allah Yaya ki janye, ko ba don shi ba don marigayi. Na ce mata ni ba baki na yi masa ba, gaskiya na faɗa, kuma sai ya kira ni da kansa. Girman kai ne kawai, na sani tun a lokacin. Bai kira ba, ni ma ban kira ba. Tana wannan roƙon ciwo ya kwantar da ita, ta rasu ban janye ba. Sai bayan an binne ta na koma farfajiyar nan na sake yin wata muryar, na ce na yafe, na ce ni ce mai laifi. Matan zaure suka ce Allah ya ba da lada. Ba motar da ta ɗauke ta, ba kasuwar da ta ji ta.

Bindigogin an raba wasu. Ba zan yi ƙarya ba, akwai yaran da suka tsare gari da su, har wasu suka rasa ransu. Akwai kuma waɗanda yanzu su ne ke tare masu kai gawayi birni su karɓi nasu kason. Har yau ban ce duk abin da yaron ya faɗa daidai ne ba, maganar haraji ma in ya zo gobe sai mun sake yin ta. Amma shi a ɗakina ya faɗi ra'ayinsa ido da ido, ni kuwa na je na ari alfarmar wurin da ba nawa ba na danne shi da ita.

Bara ya zo da alhazai yana yi musu hidima. Bai neme ni ba, wata ce ta gaya mini masaukinsu a Misfala. Na je na zauna a bakin ƙofa har ya sauko. Ya rame, ya bar koyarwa, ya bar garin ma, yana birni da iyalinsa. Ya durƙusa ya gaishe ni yadda ya kamata, ya tambayi ƙafafuna, ya ce ya yafe tuntuni. Na ce mu je Harami tare a ɗauke mu a waya kowa ya gani. Ya ce a'a, ba ya son muryata daga can, ko ta zagi ko ta yabo, abin da ya so tun farko mutane su saurare shi su yi musu da shi kamar yadda na yi a ɗaki. Na gaya masa an rushe mana gida, ina raɓe a ɗakin wata. Ya ce Allah ya kawo mafita. Na jira ya ce in dawo gida wajensa. Bai ce ba, ni kuma ba ni da bakin tambaya.

Ku 'yan'uwana da ke zaune a ƙasar nan, girman da ake ba mu a gida ba namu ba ne, na Ɗakin ne, kada mu kai shi kasuwar zaɓe. In ɗan takara ya gaya muku abin da ba kwa so, ku yi faɗa da shi a inda zai iya ba ku amsa. Ku kuma na gida, in an kunna muku tsohuwa tana faɗa da kiran salla a bayanta, ku tuna tsohuwa ce kawai da fushi ya ɗebe ta. Ni dai ga ni nan kusa da Ka'aba, kowa yana cewa na dace, amma ranar Juma'a wayata ba ta yin ƙara.