Gadar da Baffa Sale Ya Nuna Mini

Tarihi ya adana sunayen waɗanda suka tsare ƙasashensu da takobi, da waɗanda suka tsare da alƙalami, kuma na karantar da labarinsu a aji har alli ya ci mini yatsu. Amma mutumin da ya tsare jiha guda sukutum da lema, ban taɓa cin karo da shi a littafi ba. Sai da na zo Suleja na gamu da marigayi Baffa Sale. Ku da kuka san shi kun san lemar nan baƙa, wadda ko ana ruwa kamar da bakin ƙwarya ba ya buɗe ta. Aikinta nuni ne kawai. Kun kuma san kalmarsa. Sauran jama'a in za su wurin shaƙatawa cewa suke za su buɗe ido. Shi kuwa cewa yake, "Mu je mu duba ko yana nan."

A wurinsa jihar Neja gida ce marar ƙyaure, duk mai wucewa sai ya ɗauki wani abu. "Sunan garin nan ma fa," yakan ce, "da mu ne Abuja. Muka kwanta, muka tashi, aka ce an ba wasu."

Ni ba son yawo ne ya haɗa ni da shi ba. Daga Kaduna na zo koyarwa, na ga Ramatu, 'yar ƙanensa da ya rasu, kuma shi ne waliyyinta. A lokacin wata kwaleji a Kaduna ta yi mini tayin aiki, niyyata a ɗaura aure in ɗauki matata mu koma gida. Iyayena suka zo neman aure. Baffa ya saurare su tsaf, ya ce, "Za mu duba." Ranar Asabar da hantsi sai ga shi a ƙofar gidan da nake haya, riƙe da lema.

"Malam, an ce kana da mota."

"Akwai wata 'yar tsohuwa dai, Baffa."

"Ai ba saya zan yi ba. Tashe ta."

Dutsen Zuma muka fara zuwa. Dutsen Zuma fa! Dutsen da ko makaho ya bi ta Madalla sai ya ji inuwarsa a jikinsa, shi za mu je mu duba ko yana nan. Na buɗe baki zan ce dutse ba ya tafiya, sai na tuna abin da nake nema, na mai da bakina na rufe.

A bakin titi muka tarar da wani saurayi ɗan gayu da budurwarsa, yana ɗaukar bidiyo da waya yana cewa ga su nan a Abuja suna shan iska. Kafin in gama taka birki Baffa ya sauka.

"Samari, a ina ka ce kake?"

"Abuja mana, Baba."

"Goge."

"Haba Baba, ɗan bidiyo ne fa kawai."

"Goge ka sake. Ka ce jihar Neja. Ke kuma 'yan mata ki zama shaida."

Yaron ya yi ta sakewa har sai da Baffa ya gamsu da yadda ya furta Neja. Ni kuma don a san ba a banza na yi karatu ba, na nuna tabon nan na jikin dutsen mai kama da fuskar mutum, na fara bayanin yadda ruwa da iska ke sassaƙa dutse.

"Fuska ce," in ji shi. "Ba ka ga ta ɓata rai ba? Ta san abin da ake ƙulla mata."

Na ɗauka jarrabawar ke nan, na ci. Ashe wannan gwajin alƙalami ne.

Duk mai hankali ya san da damina ake zuwa Gurara, lokacin da ruwa ke rikitowa daga kan duwatsu, feshinsa na jiƙa mutum tun daga nesa. Baffa ya bari damina ta wuce, kaka ta wuce, kwalejin Kaduna na ta kirana a waya ina ba su haƙuri, sai tsakiyar rani ya ce mu tafi. Muka tarar da duwatsu tsirara suna ƙuna, ruwa na tsiyaya ta gefe kamar famfon da aka manta ba a matse ba.

"Baffa, da mun zo da damina ai da mun ga ruwa."

"Na taɓa zuwa da damina. Ƙara ce kawai. Mutum ya yi ta magana ba a jin sa."

Ranar kuwa an ji shi! Tun rana na tsaka har la'asar yana nuna mini da lema inda ruwa yake kaiwa a zamanin ƙuruciyarsa. Da na tambaye shi ina sauran, ya ce yana Abuja ana wanke motoci da shi. Na tattaro ɗan ƙarfin halin da ya rage mini na ce, "Baffa, game da maganar nan tamu..."

"Malam, ana nuna maka ikon Allah kana kawo zancen duniya?"

Ta gandun dajin Kainji kuwa ba na son in tuna. Tafiyar da ta cinye mini taya, ta cinye mini baya, muka yini muna zagaye ba mu ga komai ba sai birai da ƙudan tsando. Baffa ya dawo fuskarsa fal annuri. Wai dabbobin suna nan, hankali ne da su. Duk wadda ta yi wautar fitowa, ai tana can gidan zu a garin wasu.

Ramatu ta kira ni da na dawo. "To, me ya ce?"

"Ya ce ɓauna ta fi mutum wayo."

"A kaina nake tambaya, Malam."

"Ke ba mu iso kanki ba tukuna. Muna kan dabbobi."

Sai Zungeru, tsohuwar hedkwatar Arewa a zamanin Turawa. A matsayina na malamin tarihi, wannan kaɗai ce tafiyar da na yi ɗokinta. Muka wuce Minna, muka isa, na hango kufai da ginshiƙan tubali a cikin ciyawa zan nufe su, Baffa ya tare ni da lema. Ya ja ni ta cikin ƙaya har bakin wani rafi, ya tsaya, ya gyara hula, ya nuna iska.

"Ga ta."

"Mece ce, Baffa?"

"Gadar ƙarfe ta gwamna. Babu irinta."

Na duba hagu, na duba dama. "Ina take?"

"Tana Kaduna. Da suka ɗauke hedkwata, daga baya suka dawo suka kwance ta."

Nan ne ilimi ya yi mini rana mummuna. Na ce, "Af! Ai na san ta! Tana wani lambu a bakin kogi, muna yara mun sha hawanta ranar Salla."

Ya juyo ya dube ni kamar an kama ni da akuyar maƙwabci.

"Ka hau ta."

"Ina yaro ne, Baffa."

"Hedkwata kun ɗauke. Gada kun ɗauke, har kuna tsalle a kanta. Yanzu kuma ka zo da 'yar motarka."

Jama'a, haƙuri ma yana da iyaka. Na ce, "Baffa, don girman Allah, ni ban ɗauki gada ba! Lokacin da aka ɗauke ta ba a san za a haife ni ba. Ramatu nake nema. A ce e, ko a ce a'a!"

Ya sauke lemar. Karon farko da na ga bakin lemar nan a ƙasa. Ya ce, "Ubanta a hannuna ya cika, kuma a hannuna ya bar ta. Ni duk abin da na ga an kai Kaduna ban ga ya dawo ba."

Ban san abin da ya shiga kaina ba, ko tausayi, ko zafin rana. Na ce in dai wannan ne, ba zan ɗauke ta ba, zan zauna a Suleja. Ya ce in rantse. Na rantse, a gaban gadar da ba ta nan. Ya ce, "Na ba ka. Mu tafi, wurin nan ba abin gani."

Na kira kwalejin na ce su ba wani, sannan na kira Ramatu ina rawar jiki na ba ta labarin sadaukarwar da na yi.

"Wa ya aike ka?" in ji ta. "Ni da nake ta addu'ar in ga Kaduna!"

Yau kuma muna neman mai zuwa ya buga mana ƙofa da lema ranar Asabar, babu. Allah ya jiƙan Baffa Sale, ya yafe masa, ya haskaka kabarinsa. Ya riƙe marainiya da amana, Allah ya riƙe shi da rahama, ya ba shi gidan da ba mai ɗauke masa komai a cikinsa. Amin.

Ni har yau ina Suleja, rantsuwa ta ɗaure ni. Shi kuwa bayan bikinmu da 'yan watanni ya koma Kaduna wurin babban ɗansa, wai asibitinsu ya fi kyau. Can aka binne shi.