Baje Kolin da Ake Shiga Ba Takalmi

Duk wanda ya zo baje kolin amfilifayar jita, wato na'urar ƙara wa jita sauti, da Anti Waya ta shirya, abin da ya fara cin karo da shi a bakin ƙofa tulin takalma ne. Ko kai ne mai kamfani, sai ka tuɓe. Ta sa kafinta ya shimfiɗe zauren kaf da katako, ya ɗan ɗaga shi daga siminti. Doka ta biyu ma ta fi ba masu kaya haushi: amfilifaya ɗaya za a kunna a lokaci guda, kowa ya jira layinsa.

"Haba Anti, baje koli ne ko ɗakin jarrabawa?" in ji wani mai sayar da sifiku.

"In ƙafarka ce ke wari, faɗa mini in sa a kawo ruwa," ta ce, ta wuce abinta.

Ba wanda ya san dalilinta sai ƙaninta. Babansu mai gyaran amfilifaya ne, har haɗa tasa yake yi, kuma a shagonsa aka laƙaba mata Waya, don ita ke riƙe masa waya yana liƙawa da dalma. Mutumin nan ba ya yarda da aiki sai ya manna kunnensa a jikin sifika an kaɗa jita. Innarsu ta yi faɗan har ta gaji. Sannu a hankali kunnen ya daina ji, duka biyun. Ya lulluɓe teburin aikinsa, ya rufe shago, ya koma kan benci a ƙofar gida, magana ma sai ta kama dole. Abin da ke cin Anti Waya a rai shi ne kada ya ƙare rayuwarsa a kan bencin nan.

Wata rana ta ajiye wata amfilifaya a gefen bencin tana gwadawa, sai ta ga babban yatsan ƙafar tsohon yana motsi daidai da kiɗan. Ashe ta ƙafa yake jin sautin. Daga yatsan nan baje kolin ya samo asali.

Ranar buɗewa ƙaninta ya ce wa Baba aski za su je. Da tsohon ya ga inda aka kawo shi, ya murtuke fuska zai juya. Anti Waya ta durƙusa a gaban jama'a ta cire masa takalma da hannunta, ta ja shi tsakiyar zauren. Ta yi wa wani makaɗi alama. Amfilifayar da ke gaban makaɗin tsohuwa ce, fatar jikinta duk ta ɗaye. Baba ne ya haɗa ta, kuma sai da Anti Waya ta sha yawo kafin ta gano inda take.

Makaɗin ya ja tsirkiya mafi kauri. Kai! Sautin ya bi katako ya shiga ƙafar kowa, ya hau har ƙirji. Mai sifikun nan mai surutu ya saki baki yana kallon ƙafafunsa. Baba ya tsaya cak. Sai ya fara takawa a hankali, ya wuce sababbin kaya masu sheƙi ko kallo ba su ishe shi ba, ya je ya ɗora tafin hannunsa a kan tsohuwar amfilifayar. Tsikar jikin Anti Waya ta tashi.

Ya daɗe a haka, ido rufe. Can ya ɗaga murya da ƙarfi irin na wanda ba ya jin kansa:

"Wa ya bar mini noti a sake a bayan nan? Waya! Sukudireba!"

Sukudirebar tana cikin jakarta tun safe, tasa ce mai jan mariƙi. Ta miƙa masa tana kuka, ya karɓa ko kallonta bai yi ba, ya durƙusa ya ce ta riƙe masa waya.