Ranar da Wayar Baba Ta Ƙi Jin Yatsana

Ranar wata Asabar ce cikin watan Yuli, shekarar da nake aji biyar na firamare. Ina tsaye a gonarmu ta bayan Galadi, ruwa na zuba a kaina, waya na ruri a hannuna, ni kuwa ina ta jan yatsa a kan gilashinta kamar mai kankare ƙanzo. Sunan Malam Isiya maƙwabcinmu ne a jiki, na karanta shi sarai. Baba na riƙe da garma a bayan shanun huɗarmu, yana jira in miƙa masa. Wayar ta yi kukanta ta gaji, ta sake farawa, amma fafur ta ƙi ɗaukuwa.

Kafin wannan waya ta shigo gidanmu Baba yana da ƙaramar wayarsa mai madanni, irin wadda ake wa tsiya da raka-ni-kashi. Ta taɓa faɗawa kwatami, ta taɓa nutso cikin ƙwaryar fura, bayanta ma da roba aka ɗaure shi, amma ko hannunka duk laka ne, kana danna koren madanni za ka ji sallama. A shekarun ne ɓarayin shanu suka fara addabar yankinmu, har mutanen gari suka yi shawara cewa duk wanda ya hango baƙin babura ya kira na gona su koro dabbobi gida. Ana cikin haka Kawu Sahabi, ƙanen Inna, wanda ke tuƙin mota a Kaura Namoda, ya zo yawon salla. Da ya ga wayar Baba ya yi dariya har da riƙe ciki, ya zare layin ya sa a wata faffaɗa mai gilashi, ya tafi da tsohuwar wai zai ba yaron motarsa. Baba bai so ba, amma ya karɓa don kada a ce ya raina kyauta.

Tun ranar farko wayar ta nuna ba ta san yatsun Baba ba. Fartanya ta yi musu kanta, sai ya shafa ya shafa, ita ko gezau. Ni da hannuna ke da laushi kuma na iya karanta suna, sai aka naɗa ni mai taɓa waya. Daɗi ya kashe ni. Na bar wa ƙawayena carafke da gaɗa, duk ranar da ba makaranta in na kai fura gona ba na dawowa, ina nan kusa da Baba ina jiran ta yi kuka. Gaskiya kuma ba don wayar kaɗai ba ne. Cikin shanun biyu, Jatau da Duna, Jatau nawa ne a zuciyata. Tun yana ɗan maraƙi ni ke dama masa dusa da kanwa, ni ke cire masa kaska, in ya ji muryata daga zaure sai ya hau jan turke.

Da damina ta kankama, kowa ya ba Baba shawara iri ɗaya: ruwa ne abokin gabar irin wannan waya, a rufe ta ruf. Sai ya riƙa sa ta a ledar sukari ya ƙulle, ya ƙara wata ledar, ya cusa a aljihun ƙirji. Ba wanda ya gaya mana cewa ɗumin jiki da damshin gona za su sa ta yi zufa a ciki. Ranar Asabar ɗin da ya miƙo mini ita, ledar ta yi hazo, gilashin ya jiƙe tun ruwan sama bai taɓa shi ba. Na shafa ta kan leda, ba ta ji ba. Na yage ledar da haƙori, ɗigon ruwa ya sauka a kanta, sai ta haukace: ta buɗe wannan, ta rufe wancan, ta haska wuta, duk ba da izinina ba. Na goga ta a zanena, zanen sharkaf. Na goga a rigar Baba, ita ma haka. Ɗigon ruwa take wa biyayya, yatsan mutum kuwa ta mai da shi banza.

"Bar shi, Balki," in ji Baba. "Wataƙila aron garma yaka so. In mun koma gida mu ji."

Ba mu gama huɗe kunyar da muke kai ba muka ji ƙugin babura daga wajen daji. Baba ya saki garma, ya fizge ni ya danna cikin geron maƙwabta, ya kwanta a kaina ya toshe mini baki. Ta tsakanin kara na ga sun yanke igiya sun kora Jatau da Duna. Jatau ya yi ta tirjiya yana waiwaye, wani ya zabga masa sanda. Duk sauran mutanen da Malam Isiya ya kira sun amsa, sun kai shanunsu gida lafiya. Mu kaɗai aka samu a fili.

Abin da har yau ke tafasa mini zuciya shi ne zuwan Kawu jaje. Ya zauna a zaure, inda ba ruwa ba laka, ya goge wayar da busasshen hankici, ya shafa sau ɗaya ta buɗe. Ya ɗaga ta yana nuna wa jama'a. "Kun gani? Waya lahiya lau take. Yarinya ce ba ta iya ba, wasa taka yi da ita." Mutane suka gyaɗa kai, don ga shi sun gani da idonsu. Daga nan yara suka sa mini suna Shafa-shafa, har filin makaranta ya bi ni. Ba wanda ya tambayi waɗanda suka ƙera ta ko sun taɓa tsayawa cikin ruwan Yuli da jiƙaƙƙen hannu. Baba ne kaɗai ya tsaya mini. Ya karɓi wayar ya ajiye gaban Kawu ya ce, "Ɗiyata ba ta da laihi. Wagga waya ta mutanen inuwa ce." Sauran huɗar shekarar da hannu ya yi ta, bayansa bai sake miƙewa daidai ba.

Kafin Kawu ya tafi da ita na duba cikinta, na tarar ɗigon ruwan nan ya ɗauki hoto da kansa. Hoton a karkace yake, ya yi dishi-dishi, ga ƙafar Baba cikin laka, ga rabin fuskar Jatau da igiya a hanci. Wayar da ta ƙi amsa kiran da zai cece shi, ita ce ta ajiye mini kamanninsa. Na roƙi Kawu ya wanko mini shi a Kaura, ya ce to, bai taɓa kawowa ba.

Yanzu a Kaura Namoda nake zaune, gonar bayan Galadi ta yi shekaru ba mai iya zuwa saboda ɓarayin. Ina da babbar waya, an ce irin na yanzu ba su tsoron ruwa, amma da hadari ya haɗu sai ka ga masu tireda suna ta goge gilashi da gefen riga suna tsaki. Ni dai a jakata akwai ƙarama mai madanni, kuma irinta na saya wa Baba. Kullum yakan kira ni da la'asar, wani lokaci ina jin ruwa na dukan kwano a bayansa. Ba na barin ta yi kuka sau biyu.