Yaɓen Kaka

Shekarar da aka kai Baba aiki ofishin jakadanci a Alƙahira, Kaka ta biyo mu don a yi mata aikin ido. Idon ya warke, amma Baba ya ce ta zo ke nan, lokacin hutunta ya yi. A benenmu na unguwar Dokki inji ke wanki, mai gadi ke kawo burodi har bakin ƙofa, ko tsintsiya Kaka ta ɗauka sai Mama ta karɓe. Abin da ya rage mata kawai tatsuniya. Da sanyi ya shigo, bayan an ci tuwo, sai ni da ƙanwata Rahila mu ja hita mai ɗumama ɗaki gabanta. Murhun marowata take ce masa, ga ja kamar garwashi amma ko gyaɗa ba ya gasawa. Ina son waɗannan lokutan ƙwarai.

Wata Lahadi Baba ya kai mu tsohuwar unguwar Kibɗawa, Kiristocin Masar, mu ga wata majami'a da aka ɗora a kan ƙofar ganuwar Rumawa. Rufinta na katako ne, an lanƙwasa shi kamar jirgin Nuhu a kife, ga ginshiƙan farin dutse, ga zanen hauren giwa a jikin itace. Kaka ta yi ta shafa bango. Majami'ar garinmu ta ƙasa ce, mai bakan gizo da azara, kuma kowace shekara kafin damina gari ke fitowa a yi mata yaɓe, kowane gida da nasa gefen. Namu na gabas ne, Kaka ce ke jiƙa makubarsa.

Ta dubi dattijon da ke kula da wurin, ta ce wa Baba, “Tambaye shi, wane wata suke yaɓe?”

“Haba Inna, dutse ne fa.”

“Na ce ka tambaye shi.”

Baba ya tambaya da Larabci, kunya duk ta kama shi. Dattijon ya yi dariya ya ce ginin ya ga kakannin kakanninsa ba a yaɓa shi ba. Kaka ta girgiza kai ta ce, “Allah sarki, bayin Allah.”

Da yammar nan, Baba na gefe da jarida, ta gyara zama. “Ga ta nan, ga ta nanku, ta biyo ni a jirgin sama.”

Muka ce, “Ta sauko mu ji ta!”

Wai wasu magina ne, wa da ƙane, kowa garinsa ya sa shi ya gina ɗakin sujada. Wan ya hau dutse ya yi ta sassaƙa, ya tayar da ginin da ba a taɓa ganin irinsa ba. Aka yi masa guɗa, aka ba shi riga da doki, aka ce ya huta. Ƙanen kuwa ƙasa ya kwaɓa. Duk damina sai ruwa ya ci bangonsa, duk rani sai gari ya taru: mata na ɗebo ruwa, yara na tattaka ƙasa, masu gaba ma dole su miƙa wa juna curi. Ko da ƙanen ya tsufa, ana zuwa a ce, “Baba magini, zo ka duba mana nan.” Wan kuwa yana zaune a inuwar gininsa, ga ci ga sha, ana gaishe shi a wuce. Har ya rame.

“Me ya ramar da shi, Kaka?” in ji Rahila.

“Hutu, ’yar nan. Hutu ma ciwo ne.”

Ran nan wan ya ɗauki sandarsa ya tafi garin ƙanensa, ya tsaya bakin bango ya ce, “Ba ku da wata ’yar tsaga da za ku bar mini?” Aka ba shi curin ƙasa, ya yaɓa, a ranar ya cinye tuwonsa tas. “Ƙurunƙus,” in ji Kaka, “mai kunne ya ji.”

Baba ya daɗe bai juya shafin jaridar ba. Can ya ce, “Khalas, shi ke nan Inna, na ji.” Kafin ruwan farko Kaka ta koma gida, kuma ta ƙara shekaru masu yawa tana jiƙa makuba.

A lokacin na ɗauka Kaka na kushe ginin dutse ne. Da na girma na shiga manyan majami'u a ƙasashe da dama, na ga su ma kullum akwai mai gyara a wani lungu, kuma na gane ba a kan gini take magana ba. Yanzu Baba ne tsohon, yana zaune a gidana. Jiya famfon kicin ya fara ɗiga, har na ɗauko waya zan kira mai gyara, sai na hango shi yana tahowa da sifana. Na mayar da wayar aljihu, na riƙe masa tocila.